Zoom H1n: ƙaramar rekodar da ba ta san sunan kowa ba

Makaɗi ba ya jin kansa yadda sauran mutane suke jin sa, kuma dalilin haka a jikinsa yake. Mai waƙa yana jin muryarsa ta iska da kuma ta ƙasusuwan kansa, shi ya sa take zuwa masa da kauri da cika fiye da yadda take fita. Mai goge irin na Turai, wato bayolin, kunnensa na hagu yana daf da kayan kiɗan, saboda haka yana jin gogar izga a kan tsirkiya da ƙarfin da ba ya isa kujera ta goma. Mai busa ƙaho kuwa sautinsa gaba yake tafiya ya bar shi a baya. Sannan ga babbar matsalar: lokacin da mutum yake kiɗa, abin da ya yi niyyar bugawa shi yake ji a ransa, ko da hannunsa ya buga wani abu dabam. Daga nan girman kan da ake gani a ɗakin gwajin ɗaukar makaɗa yake samo asali. Sau da yawa mai shi bai taɓa jin ainihin kiɗansa ba ne. Daga nan kuma ake samun ɗaya cutar, wato wanda kiɗansa ya yi kyau amma ya shigo yana rawar jiki yana ba da haƙuri tun kafin ya fara.

Wannan ne ya sa muke duba Zoom H1n ta fuska ɗaya tak: shin tana faɗa wa mai shirin gwaji gaskiya, kuma yaya ake saita ta don kada ta yi masa ƙarya?

Kamfanin Zoom na Japan ne ya fitar da ita a 2018, ta gaji H1 ta farko. Tsawonta bai kai tafin hannu da yatsu ba, nauyinta wajen giram 60 ne idan babu batir. A kanta akwai makirufo biyu da aka giciye su a kusurwa 90, suna ɗaukar sauti hagu da dama. Tana aiki da ƙananan batura biyu na AAA, kamfanin ya ce suna kai wajen awa 10, tana kuma ajiye sauti a katin microSD har mai girman gigabait 32. Tana ɗauka a tsarin WAV har zuwa bit 24 da kilohaz 96, ko a MP3. Tana jure ƙara har desibel 120 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), wanda ya ishi ganga da ƙaho a cikin ɗaki. Akwai ramin hedifon, da ramin saka wani makirufo na waje, da 'yar lasifika a jiki, da ramin ɗaurawa a kan sanda mai ƙafa uku irin ta kyamara.

Abin da ya fifita ta a kan waya shi ne mamurɗin nan mai lamba 0 zuwa 10 da ke ƙarƙashin makirufon, wanda da shi ake saita ƙarfin sautin da ke shiga. Yawancin manhajojin ɗaukar murya na waya an yi su ne don magana. Idan ka yi ƙasa-ƙasa sai su ɗaga ka, idan ka yi ƙarfi sai su danne ka, a ƙarshe komai ya fito daidai wa daida. Ga mai shirin gwaji wannan ruɗi ne mai haɗari. Wanda bai iya sassauta sauti ba zai saurari wayarsa ya ji kamar komai lafiya, wanda ya iya kuma zai ji kamar duk wahalarsa ta tafi a banza. H1n ma tana da irin wannan dabarar, a maɓallin da aka rubuta wa Auto Level. A kashe shi. A kashe Limiter ma, domin aikinsa shi ne aske kan sauti mai ƙarfi, kuma a daidai wannan kan ne ake gane ko busarka ta fashe ko ba ta fashe ba. Maɓallin Lo Cut yana yanke sautukan ƙasa daga haz 80, ko 120, ko 160 (haz ma'aunin tsayin amo ne: ƙaramar lamba, amo mai kauri). Mai sarewa zai iya sa shi a 80 idan akwai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki, amma mai babban goge mai kauri, da mai jitar bes, da namiji mai murya ta ƙasa su bar shi a kashe, don zai cinye musu ƙasan sautinsu.

Yadda ake saita mamurɗin ba wuya. Ka buga wurin da ya fi ƙarfi a duk abin da za ka gabatar, kana kallon ma'aunin da ke kan allo, ka murɗa har ƙololuwar ta tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili, wato ƙasa da iyakar ma'aunin inda sauti yake fashewa. Daga nan kada ka sake taɓa shi, kuma ka rubuta lambar a takarda tare da nisan da ka ajiye rekodar. Idan yau ka ɗauka a lamba 5 gobe a lamba 7, ba ka da abin da za ka gwada da shi, sai dai ka yaudari kanka cewa sautinka ya ƙara girma. Bit 24 da kilohaz 48 sun wadatar. Awa ɗaya tana cin gigabait ɗaya da ɗan ɗoriya, ke nan kati mai 32 zai ɗauki wajen awa 30.

Wurin ajiye ta ya fi duk wannan muhimmanci, kuma a nan mutane suka fi kuskure. Suna ɗora ta a kan abin ɗora takardar kiɗa, taku ɗaya daga gare su. A wannan nisan rekodar tana jin abin da kai ma kake ji, alhali alƙalan gwaji ba a nan suke zama ba. A zauren kiɗa suna iya kasancewa mita goma ko fiye daga gare ka. A gida a ba ta aƙalla mita 2 zuwa 3, a ɗaga ta zuwa tsayin kunnen mutumin da ke zaune ko sama kaɗan, a nisanta ta da bango da lungu, domin lungu yana kumbura sautukan ƙasa. Mai ƙaho kada ya saita bakin ƙahonsa kai tsaye a kanta, ya kauce kaɗan. Duk wanda zai iya samun babban ɗaki ko sau ɗaya a mako, ya kai ta can ƙarshen ɗakin. A can ne ake gane cewa ƙananan sautukan da mutum yake alfahari da saurinsu sun dunƙule sun zama abu ɗaya, da kuma cewa abin da ya ɗauka sassauci ne mai daɗi bai ma iso ba.

Me ya sa sai an yi duk wannan? Saboda gwaji na gaskiya haka yake. Babbar ƙungiyar makaɗa, wato okestira, ta Boston a Amurka ta fara sa labule tsakanin mai gwaji da alƙalai a 1952, kuma a shekarun 1970 da 1980 abin ya yaɗu a manyan ƙungiyoyin ƙasar. Har kafet ake shimfiɗawa don kada takun takalmi ya tona ko mace ce ko namiji. Lamba ake ba ka, ba a kiran suna. Ba a yarda ka yi magana ba, in kana da tambaya sai ka raɗa wa jami'in da ke tsaye a ɓangarenka, shi ya isar. Zagayen farko 'yan mintoci ne, kuma ana iya tsayar da kai a tsakiyar layi da kalmar godiya kawai. Makarantar da ka yi, da malamin da ya koyar da kai, da manyan wuraren da ka taɓa yin wasa, duk a waje ka baro su. Abin da ya rage shi ne sauti, kuma shi kaɗai H1n take ɗauka.

To yaya ake jin girman kai a cikin sauti? Ana jin sa ƙarara. Mai ji da kansa yakan yi gudu fiye da yadda aka rubuta, don ya nuna yatsunsa suna iyawa. Yakan ƙara ƙarfi inda aka ce a sassauta, don kada a rasa jin kyan sautinsa. Yakan ja dogon sauti ya wuce ƙa'ida, ya kuma gajarta gurbin shiru, domin a wurinsa shiru ɓata lokaci ne. Wannan na ƙarshe shi ya fi kashe mutane. Alƙalai suna ƙirga bugu a ransu lokacin da ka yi shiru, kuma idan ka shigo kafin lokaci sun san cewa a cikin ƙungiya za ka faɗa kan sauran. Suna neman wanda zai zauna cikin mutum goma sha huɗu ko goma sha shida masu irin kayan kiɗansa, sautinsa ya narke cikin nasu. Wanda ya buga guntun kiɗan ƙungiya kamar shi kaɗai ne a dandali ya riga ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Ga yadda ake kama wannan da rekodar. Ka ɗauki guntun ba tare da metronom ba, wato na'urar ƙidayar bugu. Sannan ka kunna abin da ka ɗauka, ka nemo gudun da ka fara da shi, ka saita metronom a kai, ka bar su su tafi tare. Idan ka fara a bugu 120 a minti ka ƙare a 132, za ka ji inda kuka rabu, kuma galibi ba a wuri mai wuya ba ne. A wuri mai sauƙi ne, inda hankali ya saki, ko nan da nan bayan an tsallake mai wuyar. H1n tana iya rage saurin saurare zuwa rabi. A rabin gudu, jerin sautuka goma sha shida da kake rantsuwa daidai suke sai ka ji uku sun haɗe, ɗaya ya ɓace. Sautin yakan ɗan yi rawa a wannan yanayin, don haka a yi amfani da shi wajen duba daidaiton bugu kawai, kada a yanke hukunci a kan kyan amo da shi.

Ƙanƙan da kai na ƙarya ma yana da nasa sautin, kuma mun fi jin tausayin masu shi domin sau da yawa su ne suka fi ƙoƙari. Sautin farko yakan fito a raunane, kamar mai neman izinin shiga. Wurin da aka ce a yi ƙarfi sai a yi rabin ƙarfi. Idan aka yi kuskure sai a ji tsaki, ko ajiyar zuciya, ko a tsaya a koma baya, sannan layuka huɗu na gaba su lalace saboda hankali yana can wurin kuskuren. Makirufon H1n yana ɗaukar wannan tsakin sarai, kuma alƙalai ma suna jin sa ta bayan labule. Kuskure ɗaya ba kasafai yake fitar da mutum ba. Abin da ya biyo bayansa ne yake fitar da shi. Masu wannan hali idan suka saurari kansu bayan kwana ɗaya sukan tarar kuskuren da ya hana su barci bai kai ƙiftawar ido ba, wani lokaci ma sai sun nema kafin su same shi.

Don haka tsarin amfani da ita yake da ƙa'ida, in ba haka ba rekodar ma sai ta zama madubin yabon kai. Wanda ya ɗauka sau goma sha biyu ya zaɓi mafi kyau ya ajiye, ya goge sauran, bai koyi komai ba, domin a gwaji sau ɗaya ake ba ka. Ka rubuta sunan kowane guntu a 'yar takarda, ka zuba su a kofi. Ka danna maɓallin ɗauka, ka fita daga ɗakin, ka hau bene ka sauko sau biyu ko ka yi tsalle na rabin minti har zuciya ta fara bugawa, don haka za ta yi ranar. Ka shigo, ka saita kayan kiɗanka a taƙaice, ka zaro takarda huɗu ko biyar, ka buga su a jere yadda suka fito, ba tsayawa, ba maimaitawa. Maganar saiti kuma, wato tsayin amon da ake daidaita kayan kiɗa a kansa, ka binciki wanda ƙungiyar take amfani da shi tun da wuri: ma'aunin duniya haz 440 ne, amma ƙungiyoyi da yawa a Turai suna hawa 442 ko 443.

Kada ka saurara nan take. Ka bari sai bayan wasu awanni, ko washegari, lokacin da abin da ka yi niyya ya gushe daga kunnenka. Ka saurara sau uku da hedifon mai kyau da fensir a hannu, kowane zagaye da tambaya ɗaya: na farko bugu, na biyu daidaiton amo, na uku kyan sauti da ma'anar kiɗan. A zagaye na biyu akwai abubuwan da aka san suna faruwa. Sarewar Turai takan hau sama idan aka busa da ƙarfi, ta sauka idan aka sassauta. Kilarinet, wata abar busa ta Turai, akasin haka take yi. Mawaƙi yakan zame ƙasa a ƙarshen numfashi. Abin da za ka rubuta ya zama mai lamba da wuri, kamar "layi na 3, sauti na biyu ya hau", ba "ban iya ba" ko "ya yi daɗi" ba. Waɗannan biyun babu wanda za a iya gyarawa gobe da safe.

Akwai dabara ɗaya da muke ganin ta fi kowace amfani ga mai taurin kai. Mutum uku ko huɗu masu kayan kiɗa iri ɗaya su ɗauki guntu ɗaya, a ɗaki ɗaya, a nisa ɗaya, a lambar mamurɗi ɗaya. Wani dabam ya kwashe fayilolin a kwamfuta ya sauya musu suna zuwa lambobi. Bayan mako guda a zauna a saurara, kowa ya rubuta ra'ayinsa kafin a bayyana mai kowace lamba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, amma a nan ba ka san wane tudun ne naka ba, kuma yakan faru mutum ya yi wa lamba 3 kaca-kaca sannan a ce masa shi ne.

Sai gwajin sauya salo. A zagayen gaba alƙalai sukan ce a sake buga wuri kaza a hankali, ko a gajarta sautuka, ko a rage ƙarfi. Ba lallai ne don ka yi kuskure ba. Suna so su ga ko kana karɓar gyara, domin shugaban kiɗa zai riƙa yi maka haka kullum. Mai girman kai yakan maimaita abin da ya yi tun farko ba canji, wani da gangan, wani kuma yana ganin ya canja alhali bai canja ba. Mai tsoro kuma yakan wuce gona da iri har kiɗan ya rushe. Ka sa aboki ya ba ka umarni irin wannan ba shiri, ka ɗauki na farko da na biyu a fayil ɗaya, ka danna alama a tsakaninsu. Idan wanda bai ji umarnin ba ya kasa faɗin abin da aka ce ka canja, to ba ka canja ba.

Ga masu neman shiga ƙaramar ƙungiya mai ganga da jita da mawaƙi, inda babu labule kuma tare ake bugawa, a ajiye ta a tsakiyar ɗakin atisaye, a rage mamurɗin sosai saboda ganga. Abin saurare a nan shi ne waye ya danne wa. Mai jitar da ke cusa ado a kowane gurbin da mawaƙi ya ja numfashi, ko mai gangar da ke cika kowane layi na huɗu da burgewa, zai ji yadda ya toshe wa waƙar hanya.

Tana da aibobinta. Jikinta roba ne, kuma duk motsin yatsa a kanta yana shiga cikin sautin, saboda haka ba a riƙe ta a hannu, kuma kada a matse ta da ƙarfi a kan sandar. Makirufon ba ya jure iska ko kaɗan: fanka a ɗaki ta isa ta cika fayil da gurnani, sai an sa mata soson rufe makirufo, wanda galibi dabam ake sayen sa. Idan aka kai mamurɗin wajen 8 zuwa 10 don ɗaukar sauti mai laushi daga nesa, ana jin wani siririn huci a ƙasa. Bai hana aikin atisaye ba, amma wanda zai aika faifan neman gurbi a gwaji, inda ingancin ɗaukar ma yake da tasiri, gara ya nemi makirufo mafi girma, kuma H1n ba ta da ramin XLR da ake saka irin waɗannan. 'Yar lasifikar jikinta ta tabbatar da cewa an ɗauka ne kawai, duk wanda ya auna kyan sautinsa da ita ya zalunci kansa. Allon ƙarami ne, neman fayil a cikinsa yana da gajiyarwa idan sun yi yawa. Kuma kati mai girma fiye da gigabait 32 ba ya aiki a cikinta.

A 2024 kamfanin ya fitar da H1essential, wadda take ɗauka a tsarin bit 32 da ba ya buƙatar saita ƙarfin shiga, don haka babu fargabar sauti ya fashe a fayil. Ga wanda lissafin desibel yake ba shi ciwon kai, ita ta fi sauƙi. Sai dai a kula wajen saurare: idan aka daidaita ƙarfin kowane fayil dabam a kwamfuta, an koma matsalar waya, mai laushi da mai ƙarfi sun zama ɗaya. Mu dai mamurɗin H1n mai lamba ya fi kwanta mana, don ana iya rubuta shi a takarda a dawo masa bayan wata guda.

Akwai kuma ɓangaren gwaji da ba ta ɗauka. Ba ta ganin wanda ya cika ɗakin jira da kiɗa mai ƙarfi don ya karya wa 'yan uwansa gwiwa, ko wanda ya yi wa jami'in da ke kiran lamba tsawa, ko yadda fuska take sauyawa idan aka ce a sake, a zagayen ƙarshe da wasu ƙungiyoyi suke cire labule. Ƙungiyoyi da yawa kuma suna ba wanda ya ci lokacin gwaji na zama a cikinsu, wata da watanni ko shekara, kafin a tabbatar da shi, kuma a nan abokan zama ne suke auna hali. Wanda kuma ya ga saurarar kansa ta fara sa shi ƙin taɓa kayan kiɗansa, ya rage ɗauka zuwa sau biyu a mako, ya kuma riƙa rubuta abu biyu da suka yi daidai, da lambar layinsu, kafin ya rubuta na gyara.